Me ya sa bargar dawaki ta fi madafa kyau a tsofaffin gidajen masu ƙasa na Ingila?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Sheffield ya rubuto cewa ya je yawon buɗe ido wani tsohon babban gida mai suna Wentworth Woodhouse, kusa da Rotherham. Ya ga wani ƙaton ginin dutse mai ƙofa kamar ta fada, da agogo a samanta, ya tsaya yana ɗaukar hoto, sai aka ce masa ai wannan bargar dawaki ce, gidan yana can gaba. Ya ce a sauran gidajen da ya zagaya kuwa, madafa da ɗakin wanki duk an tura su baya, wasu ma ƙarƙashin ƙasa. Tambayarsa ita ce: wane tunani ne ya sa aka ƙawata wurin dabba, aka ɓoye wurin da ake dafa abincin maigida?

Malam, ba kai kaɗai ba ne ka yi wannan kuskuren, kuma ginin ne ya ja ka. Wanda ya tsara shi, John Carr mutumin York, ya fara aikin a 1768 domin basaraken Rockingham na biyu, kuma an yi shi ne don dawaki 84. Mutumin da ya ba da aikin ya yi firayim minista sau biyu, yana da dawakin sukuwa, yana kuma so duk wanda ya doso gidansa ya fara cin karo da dukiyarsa mai ƙafa huɗu kafin ya gan shi. Na daɗe ina aikin duba tsofaffin gine-gine da gyaransu, kuma abin da na fahimta shi ne tsarin waɗannan gidaje yana da ƙa'ida ɗaya da ke ratsa komai: abin da ke nuna girman maigida a fito da shi fili, aikin da ke riƙe da girman kuwa a kawar da shi daga ido da hanci da kunne. Doki yana cikin kashi na farko, tukunya da sabulu suna cikin na biyu.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kan darajar doki. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ya san cewa yawan dawakin hakimi da kwalliyarsu su ne ke faɗin ko shi wane ne, kuma a fadar Kano kula da barga sarauta ce sukutum, ta Shamaki. A Ingila ta ƙarni na 17 zuwa na 19 doki ya haɗa wannan martabar da aikin da mota take yi yau. Babban gida yana buƙatar dawakin jan keke, waɗanda ake so kalarsu da tsayinsu su zo ɗaya, da na hawa, da na farautar dila, wani lokaci da na sukuwa. Jinin da ake taƙama da shi ma daga waje aka shigo da shi: shahararren ingarman nan da ake kira Darley Arabian daga Halab ta Siriya aka kawo shi Yorkshire a 1704. Gwamnati ta san inda kuɗi yake, domin ta sa haraji a kan barori maza a 1777, ta sa a kan dawakin hawa da na jan keke a 1784. Saboda haka barga cike da dawaki da yaran barga shaida ce da ba a iya ƙirƙira ta ƙarya.

Da farko bargar tana manne da gidan. Tsarin da Turawan Ingila suka ɗauko daga mai tsara gine-gine Andrea Palladio na Italiya shi ne babban gini a tsakiya, da fikafikai biyu hagu da dama. A gidajen gonar da ya gina a yankin Veneto, kamar Villa Emo, waɗannan fikafikan rumbuna ne da wuraren kayan noma. A Ingila sai aka riƙa sa madafa a ɗaya, barga a ɗaya, gidan ya ƙara faɗi a ido. Seaton Delaval da ke Northumberland misali ne mai kyau. Bargarsa tana reshen gabas, shingayen da ke raba dawaki da komayen abincinsu duk na dutse ne, kuma da aka gama ta maigidan, Sir Francis Delaval, ya ji daɗinta har ya shirya liyafar cin abinci a cikinta. Gobara ta cinye tsakiyar gidan a 1822, bargar tana nan.

Daga baya aka fi son a janye ta gefe, a yi ta gini mai zaman kansa, murabba'i da fili a tsakiya da ƙofa ɗaya babba. Wannan shi ne irin wanda ka gani. William Kent ya tsara irinsa a Houghton Hall a shekarun 1730 domin Sir Robert Walpole, James Paine kuma ya fara na gidan Chatsworth a 1758, mai ɗaukar dawaki 80, da tambarin gidan a saman ƙofa, inda aka sassaƙa bareyi biyu aka kafa musu ƙaho na gaske. Wannan siffar tana da dalilai da suka wuce ado. Ƙofa ɗaya tana nufin mutum ɗaya zai iya sanin wanda ya shiga da abin da ya fita, har da buhun hatsi. Gine-ginen da suka kewaye filin suna tare iskar hunturu. Filin kansa dole ya yi faɗin da keken da dawaki huɗu ke ja zai juya ba tare da an kwance su ba, ƙofar kuma ta yi tsayin da direba zai wuce yana zaune a kan kujerarsa ta sama. Agogon nan da ya ɗauki hankalinka shi ne lokacin kowa a gidan da gonakinsa, a zamanin da talaka ba shi da agogon aljihu. Ƙararrawarsa ce ke tada mai lambu da maƙeri da mai tatsar shanu. A wasu bargunan ƙaramar hasumiyar da ke kan rufi tana kuma fitar da iskar da ta gurɓace.

Faransawa sun wuce haka a ƙawa. Babbar bargar Chantilly, wadda Jean Aubert ya fara a 1719, tsawonta mita 186 ne, an yi ta don dawaki 240 da ɗaruruwan karnukan farauta. Amma ni a wurina cikin barga ya fi fuskarta daɗin karantawa, domin a can ne za ka ga maginin yana kokawa da jikin dabba.

Ka tsaya a cikin ɗaya daga waɗannan turakun ka duba ƙasa. Faɗin wurin doki ɗaya kusan ƙafa 6 ne, tsawonsa ƙafa 9 ko fiye, kuma daɓen yana ɗan gangarowa baya zuwa wata 'yar kwata. Gangaren nan lissafi ne mai wuya. In ya yi kaɗan fitsari ya kwanta, in ya yi yawa dokin da ke tsaye dare da rana jijiyoyin ƙafafunsa na baya su wahala. Bulon da ake shimfiɗawa ƙonanne ne ƙwarai, ko ƙananan rawaya da ake kawowa daga Holan, ko shuɗin bulon Staffordshire mai tsagi, saboda ba ya shan ruwa kuma takalmin ƙarfen doki ba ya sulɓi a kansa. Ragamar dokin ana zura igiyarta ta cikin zobe a jikin komi, a ɗaura mata guntun katako mai nauyi a ƙarshe. In ya matso katakon ya ja igiyar ƙasa, in ya ja baya ta biyo shi, ba ta taɓa yin sako-sakon da zai sa ƙafa a ciki. Ƙananan abubuwa ne, amma kowanne an koye shi ne bayan an yi asarar doki mai tsada.

Babban abokin gabar barga zarni ne. Iskar da ke tashi daga fitsarin da ya daɗe tana cin idon doki da huhunsa, kuma tsofaffin bargunan ƙarni na 17 da farkon na 18 da yawansu duhu ne da su, ga ƙarancin tagogi, domin masu kula da dawaki suna son ɗumi don gashin doki ya yi sheƙi. A ƙarni na 19 ra'ayi ya juya. Aka ɗaga rufi, aka buɗe ƙananan kafofin iska sama da kan dawaki yadda iskar ba za ta buge su kai tsaye ba, aka sa bututun da ke zuƙe ta zuwa saman rufi. Haka ma wurin zuba ciyawa. A tsohon tsari ingirici yana bene, a turo shi ta wata kafa ya faɗo cikin ragar katako da ke sama da kan doki. Yaron barga ya huta da ɗauka, amma ƙura da tsaba suna zuba a idon dabbar, ga shi tana cin abinci da wuya a miƙe sama, saɓanin yadda Allah ya halicce ta tana kiwo da kai a ƙasa. Sai aka sauko da ragar daidai ƙirji, aka haɗa ta da komi da mazubin ruwa na ƙarfen zubi. Kamfanoni irin su Musgrave na Belfast sun riƙa sayar da waɗannan kayan a shirye, shi ya sa za ka ga iri ɗaya a gidaje masu nisa da juna, da sunan kamfanin a jikin ginshiƙi. A wannan zamanin ne kuma aka yawaita ɗakin da ake sakin doki ba ɗauri, mai kusan ƙafa 12 kowane ɓangare, musamman ga na farauta da ya dawo a gajiye yana buƙatar kwanciya da birgima.

Zarnin nan shi ne ya raba ɗakunan da ke kewaye da filin. Yana dusar da fentin keke, yana lalata fata, don haka ɗakin ajiye kekuna ba ya haɗa ƙofa da inda dawaki suke. Ɗakin sirdi da linzami shi ne ɗakin da na fi so a kowace barga. Bangonsa an lulluɓe shi da katako don kada danshin dutse ya taɓa fata, akwai murhu da ake hurawa don kada kayan su yi fumfuna, linzamai da likkafu na ƙarfe suna cikin akwatin gilashi saboda tsatsa. Da yake nan ne kaɗai ake samun wuta, nan yaran barga suke zama su yi hira suna goge kaya. Barcinsu kuwa a bene ne, sama da dawakin, don in doki ya kamu da ciwon ciki cikin dare a ji bugun ƙafarsa. Jujin kashin dawaki yana bayan gini, ta inda iska ba za ta kai warin gidan ba, kuma kusa da hanyar lambu, domin can zai ƙare.

Wasu gidajen suna da ƙarin wani dogon zaure mai rairayi a ƙasa, inda ake horar da doki a cikin rufi. Na Bolsover da ke Derbyshire, wanda William Cavendish ya gina a shekarun 1630, yana nan da rufinsa na katako da wurin da 'yan kallo ke leƙowa daga sama.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren tambayarka. Madafa an nisanta ta ne saboda abu uku: wuta, wari, da mutane. Wutar ba tsoron banza ba ne. A Lanhydrock da ke Cornwall gobarar watan Afrilun 1881 daga bututun hayaƙin madafa ta tashi ta cinye yawancin gidan. A Erddig da ke Wales, sabuwar madafar da aka gina a shekarun 1770 an ware ta daga jikin gidan gaba ɗaya saboda wannan tsoron, sai daga baya aka haɗe su. Warin kuma, mai gidan da ya kashe dukiya a kan labule da zane-zane ba ya son ƙaurin kitse ya shiga falonsa, ya gwammace abincin ya yi tafiya mai nisa ya iso da ɗan sanyi. A gidajen Petworth da Uppark ta ramin ƙarƙashin ƙasa ake ɗauko abinci daga ginin ma'aikata zuwa babban gida.

Na ukun shi ne wanda yake taɓa ni. A zamanin da, maigida da barorinsa a babban zaure ɗaya suke cin abinci. Daga tsakiyar ƙarni na 17 aka fara sa matakalar baya, kamar yadda Roger Pratt ya yi a Coleshill, don mai ɗauke da gawayi ko tukunyar bahaya kada ya haɗu da baƙo a kan babbar matakala. Da aka samu ƙararrawar da ake ja da waya daga ɗaki, bara bai ma buƙatar zama kusa da ƙofa. Kafin 1864, lokacin da masanin gine-gine Robert Kerr ya rubuta ƙa'idojin tsara gidan mai hali, abin ya zama doka a bayyane: iyalin gida al'umma ɗaya ce, ma'aikata wata al'umma, kuma kowace tana buƙatar kada ɗayar ta gan ta ko ta ji ta. Tagogin madafa a sa su can sama, haske ya shigo, zafi ya fita, amma mai girki ba za ta hango lambun da uwargida ke shan iska ba. A Calke Abbey har rami aka haƙa wa masu lambu don su wuce ba a gan su ba. Ina ganin gwanintar ginin, kuma ina jin nauyin abin da ake nufi da shi. Doki an yi masa ƙofa mai tambari, matar da ke tashi kafin asuba ta hura wuta an yi mata hanyar da ba za a ga fuskarta ba.

Duk da haka kada ka ɗauka wuraren nan an yi su ne sakaka. Lanhydrock da aka sake ginawa bayan gobara yana nuna yadda aka rarraba aiki ɗaki ɗaki: madafa mai dogon rufi, wurin wanke-wanke, gidan burodi, ma'ajin busassun kaya, na kifi daban, na nama daban, sannan ɗakin madara da aka sa a ɓangaren da rana ba ta bugu, da teburan dutse masu sanyi da ruwa ke bi ta jikinsu. Madara tana ɗaukar warin duk abin da ke kusa da ita, don haka ba a haɗa ta da albasa ko nama. Gidan wanki kashi biyu ne, inda ake dafa tufafi da cuɗa su cikin tururi, da inda ake busarwa da guga, da wani akwati cike da duwatsu da ake murzawa a kan zannuwa don su miƙe. A tsarin ƙarni na 19 ana ƙoƙarin nisanta ƙofar gidan wanki daga filin barga, saboda can 'yan mata ne, nan samari. Akwai kuma maƙera, da shagon kafinta, da ɗakin dafa giyar da ake ba ma'aikata, da ɗan ɗaki mai kusurwa takwas da tagogin raga inda ake rataye naman farauta iska tana ratsa shi.

Biyu daga cikin ƙananan gine-ginen sun cancanci ka neme su, domin sukan ɓuya a cikin itatuwa. Na farko rumbun ƙanƙara. Rami ne mai zurfi da aka gina da bulo, siffarsa kamar ƙwai a tsaye, da magudana a gindi, da tulluwar rufi da aka binne da ƙasa. Ƙofarsa yawanci arewa take kallo, da siririn lungu mai ƙofofi biyu ko uku da ake cusa wa tattaka a tsakani. Da hunturu a fasa ƙanƙarar tafki a kwaso a daka ta a ciki. Sirrin yana wurin magudanar, domin ruwan da ya narke in ya kwanta shi ke cinye sauran. In yana tsiyayewa, ƙanƙarar takan kai bazara har ta wuce. An gina wa Sarki James na ɗaya irin wannan a Greenwich a 1619. Na biyu ɗakin tattabaru, wanda a da masu ƙasa ne kaɗai doka ta yarda su mallaka, alhali tsuntsayen a gonar talaka suke kiwo. Na Willington a Bedfordshire, ginin Sir John Gostwick na wajen 1540, yana da gurbin sheƙa kusan 1,500. A masu siffar da'ira, kamar na Kinwarton, akwai ginshiƙin katako a tsakiya mai juyawa da tsani a jikinsa, mutum yana kan tsanin yana tura kansa yana zagaya bango yana kwasar 'yan shila.

Mota ce ta kashe bargar, yaƙin duniya na farko da aka fara a 1914 ya ƙarasa, domin soja sun kwashe dawaki, yaran barga da yawa kuma ba su dawo ba. Aka haƙa ramin duba ƙarƙashin mota a ɗakin kekuna. Gidajen kansu suka fi ƙarfin masu su, har a 1955 ana rushe kusan ɗaya duk kwana biyar. Sau da yawa bargar ce ta tsira, saboda ginin ƙaƙƙarfa ne mai sauƙin mayarwa wani abu. A Clumber Park an rushe gidan a 1938, bargar da cocin suna tsaye. Yau yawancinsu sun koma wurin shan shayi da shagon tsaraba da ofishin tikiti, kamar a Chatsworth, kuma dokar Ingila tana kare ginin da ke cikin harabar gida mai rajistar tarihi in ya riga 1 ga Yulin 1948.

Mayar da su wani abu shi ke biyan kuɗin rufi, ban ƙi shi ba. Damuwata ita ce abin da ake fara cirewa shi ne abin da ke ba da labari: shingayen turaku, daɓen mai gangare, kafofin iska. Na taɓa duba wata barga da aka tone bulon daɓenta aka zuba kankare, aka cike tsakanin duwatsun bango da siminti a maimakon farar ƙasar da aka gina ta da ita. Cikin 'yan shekaru danshin da ya rasa hanyar fita ya hau bango, fuskar dutsen ta fara ɓarewa. Duk wanda ya ga an yaɓa siminti a kan ginin ƙasa a birnin Kano ko Zariya, ya ga yadda yake kumbura ya zubo da guntun bango, ya san ciwon. Tsohon gini numfashi yake yi, kuma barga ta fi kowane gini buƙatarsa, don gishirin fitsarin shekaru ɗari biyu yana cikin bulonta.

In za ka sake fita, ka je Erddig, kusa da Wrexham, ba shi da nisa ƙwarai daga inda kake. Iyalin Yorke da suka zauna a can ba su cika zubar da komai ba, kuma tun shekarun 1790 suke sa a zana hotunan ma'aikatansu, kafinta da maƙeri da mai aikin gida, su rubuta wa kowa 'yan baitoci. Haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa ta sa gefe ɗaya na gidan ya nutse da kusan ƙafa 5 kafin Philip Yorke ya miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke adana gidajen tarihi, a 1973. Da aka gyara shi aka buɗe, sai aka tsara cewa baƙo ba ta babbar ƙofa zai shiga ba. Za ka bi ta shagon kafinta da wurin tsaga katako, ka ratsa filin barga, ka wuce gidan wanki da gidan burodi da madafa, ka tsaya a zauren cin abincin ma'aikata inda hotunansu suke rataye, sannan ka hau matakala zuwa ɗakunan masu gida.